Daminar da Na Karanta wa Gwaggo Maƙaloli

A daminar nan na dawo Gadarif da kwali guda cike da takardu, kaina kuma ya yi nauyi. Ina karatun digiri na biyu a fannin noma, bincikena a kan ƙuduji ne, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke maƙale wa saiwar dawa ta shanye ta, wadda a nan muke ce wa buda. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu. Bai yi faɗa ba. Cikin taushi ya ce na kwaso maganganun mutane da yawa na jera su, amma bai ga alamar na san abin da kowannensu yake nema ba. Ya ce in je gida in sake karantawa a tsanake.

Takardun kwafin maƙaloli ne daga mujallun ilimi, kusan dukkansu da Turanci. Mu kuwa da Larabci aka karantar da mu tun daga firamare har jami'a. A gida Hausa muke yi, irin tamu, wadda Larabci ya ratsa ta ko'ina, domin kakanninmu sun taso daga yamma ne da niyyar aikin hajji, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Turancina na ƙamus ne. Amma daga baya na gane ba harshen kaɗai ke ba ni wahala ba.

Karatu iri ɗaya na iya, wanda na tashi da shi tun makarantar allo: a fara daga farko, a bi kalma kalma, kada a tsallake komai. Haka nake yi wa maƙala. In karanta take, in karanta sunayen marubuta da wuraren aikinsu, in shiga ɗan taƙaitaccen bayanin da ke sama, wanda aka cusa komai a cikinsa kamar an ɗura hatsi a buhu an danna. Kowane layi sai na buɗe ƙamus. Kafin in kai shafi na uku na manta abin da ke na farko, idona ya yi nauyi, haruffa su fara iyo. Sau da yawa nakan farka in tarar da takardar a ƙirjina, ƙamus ya faɗi ƙasa, kaji suna kewaya shi.

Damina ma tana da hannu a ciki. Wanda bai zauna a Gadarif a irin wannan lokaci ba, da wuya ya san kasalar da ke sauka a jikin mutum. Baƙar ƙasar nan da ta yi rani tana tsattsage, har ƙafar akuya kan faɗa ciki, sai ta sha ruwa ta kumbura ta rufe bakinta. Duwatsun bayan gari su yi kore. Da hantsi rana ta fito fes, bayan azahar kuma gajimare ya taso daga wajen Habasha, samansa fari, ƙasansa baƙi, yana tafe a hankali kamar ba shi da niyyar isowa. Daga nesa kana jin ƙugin tarakta a manyan gonaki, iska ta kawo shi ta mayar. Maza duk sun fita gona. Gidan ya rage daga mata sai kaji, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawar rufi.

A ƙarshen gidanmu akwai guttiya, ɗakin nan mai zagaye mai rufin ciyawa, a gabanta kuma rakuba, wato rumfar kara. Nan gwaggona take, yayar mahaifina. Ita ce mace ta farko a danginmu da ta shiga jami'a, a lokacin da mutanen unguwa ke ganin abin kamar hauka. Ta yi shekaru a wata tashar binciken noma tana nazarin ƙasa, har ciwon ido ya tsayar da ita. Ya fara cin ganinta daga gefe yana matsowa tsakiya, har ya bar mata haske da duhu kawai. Mijinta ya riga ya rasu, sai mahaifina ya kawo ta gida. Ba ta yarda a yi mata abin da za ta iya. Ita take soya gahawarta, hancinta ke gaya mata ta yi, ta daka, ta dafa a jabana, ɗan tulun nan na ƙasa mai dogon wuya. Rakubarta ta fi ko'ina sanyi, shi ya sa nake jan kwalina in je can, in miƙe a kan angareb ɗin da ke kusa da nata, gadon igiya da ya lotsa a tsakiya. Ban taɓa tunanin in nemi taimakonta ba. A idona ita Gwaggo ce mai gahawa da rediyo, aikinta ya ƙare tun ina yarinya.

Wata rana ina ta gunaguni a kan wata maƙala, sai ta juyo da fuskarta wajena.

"Ya bitti, 'yar nan tawa, wannan karatu ne ko jan carbi? Ɗaga murya in ji."

Na ɗaga. Na karanta take, na karanta sunaye, na shiga wuraren aikin marubutan.

"Tsaya," in ji ta. "Goron biki zan aika musu? Wuce."

Na wuce zuwa taƙaitaccen bayanin. Da na gama sai na koma farkonsa, kamar yadda na saba, don in warware shi kalma kalma. Ta ɗaga hannu.

"Sau ɗaya ya isa. Wannan an rubuta shi ne don ki san ko za ki shiga ko ba za ki shiga ba. Shi kansa mai rubutun sai da ya gama komai sannan ya tsara shi. Ke da ba ki fara ba kina so ki gane shi duka? Bar shi, za mu dawo masa. Je ki ƙarshen gabatarwa, sakin layi na ƙarshe. Can suke ajiye tambayarsu."

"Yaya kika sani, Gwaggo? Ai ba ki taɓa jin wannan maƙalar ba."

"Duba dai."

Na duba, sai ga ta. Bayan dogon zagaye a kan abin da wasu suka yi, marubutan sun faɗi abin da su suka fito nema, a jimla ɗaya. Na zaro wata maƙalar daga kwali, na buɗe daidai wurin, sai ga tata tambayar. Na zaro wata. Jikina ya yi sanyi, irin na wanda ya daɗe yana wucewa ta wata hanya bai taɓa lura da akwai rijiya a gefenta ba. Gwaggo tana jin ƙarar takardun tana murmushi.

"To faɗa mini tambayar da Hausa. Ba da Turanci ba, ba da Larabci ba. Yadda za ki gaya wa innarki."

Na ɗauki lokaci ina juya kalmomi a baki. Daga ƙarshe na ce, "Suna so su sani, in an shuka wake a tsakanin dawa, ko buda za ta ragu."

"Madalla. Yanzu kina da abin riƙewa. Tsallake, je ki wurin zane."

"In tsallake? Akwai shafuka a tsakani fa."

"Ba za su gudu ba."

Da na isa wurin zanen sai muka tsaya cak, domin ba a karanta zane da baki. Layuka ne guda biyu, ɗaya na hawa, ɗaya na kwanciya, da 'yan ƙananan rubuce-rubuce a gefe. Na ce mata, "Akwai layi, yana tashi sama." Ta ce, "Layin me? Yana tashi daga ina zuwa ina?" Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce in ɗauko tsohon tiren da ke bayan guttiya, in ɗebo laka daga tsakar gida. Laka ba ta wuya a Gadarif da damina, ita ce ma take bin ka. Na shimfiɗa ta a tire na shafe da tafin hannu, na karyo tsinke daga rakuba na fara zana abin da ke takardar.

Nan na gane ba zan iya zana shi ba sai na san abin da yake. Dole na karanta ɗan rubutun da ke ƙasa, na ga makonni ne. Na karanta na gefe, na ga yawan tsiron buda ne. Tunda nake ban taɓa kula waɗannan ƙananan rubuce-rubucen ba, ganina ado ne. Na ɗora mata tiren a cinya. Ta sa ɗan yatsa ta bi layin farko a hankali, fuskarta a sama, kamar mai sauraren kiɗa daga wata unguwa. Ta bi na biyu. Ta dawo inda suka rabu ta tsaya.

"Nan suka rabu. Me ya faru a nan?"

"Ban sani ba."

"To yanzu koma waɗancan shafukan da kika tsallake, inda suka faɗi yadda suka yi aikin. Nemo mini abin da suka yi a wannan makon."

Na koma. Shafukan da a da suke sa ni barci, masu yawan awo da sunayen kayan aiki, sai ga shi ina ratsa su da sauri kamar mai neman ɗan kunnenta a cikin ɗaki, domin yanzu na san abin da nake nema. Da na samu na yi ihu, har innata ta leƙo daga madafa ta tambaya ko kunama ce.

Daga ranar muka mayar da shi aikin kullum. Bayan karin kumallo in share rakuba, Gwaggo ta hura gawayi, in zaro maƙala. Tiren laka yana gefe, an rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. In mun zo kan jadawali ba ta yarda in karanta mata lambobi a jere. Takan ce, "Kada ki zubo mini su duka. Wanne ya fi girma? Wanne ya fi ƙanƙanta? Wanne ne ba ki zata ba?" Sai in tsura wa jadawalin ido har ya fara magana.

Abin da ya fi damun kunnenta shi ne baka biyun nan da ake sakawa a tsakiyar jimla, masu ɗauke da sunan wani marubuci da shekarar aikinsa. Ido yakan tsallake su, amma baki ba ya iyawa. In na karanta su, kafin in fito daga ciki jimlar ta tsinke, mu duka mun manta farkonta. In kuma na share su gaba ɗaya, sai ta kasa bambance maganar mai maƙalar da ta waɗanda ya aro. Ita ce ta samo dabara. Ta miƙo mini ɗan cokali da finjalin gahawa, ta ce duk inda na ga baka biyu kada in karanta abin da ke ciki, in ɗan ƙwanƙwasa kawai in wuce.

Haka rakubar ta riƙa amsawa da ƙaramin sauti, ƙil, ƙil, a tsakanin kalmomin Turanci. A gabatarwa ƙarar takan yi yawa kamar yayyafi a kan kwano. In an shiga sakamako sai ta ɗauke ɗif. A tattaunawa ta dawo jefi-jefi. Ban daɗe ba kunnena ya fara jin siffar maƙala tun kafin in fahimci kalmominta. Wata rana muna cikin tattaunawar wata maƙala, ƙwanƙwasar ta yi yawa har hannuna ya gaji, Gwaggo ta ce, "Wannan bawan Allah tsoro yake ji. Ya tara mutane ya ɓuya a bayansu." Wata kuma aka yi doguwar tafiya ba ƙara ko ɗaya, sai ta gyara zama ta ce, "Rage sauri. Nan shi kaɗai yake magana. Ko dai ya ga wani abu, ko kuma yana ƙari. Mu saurara."

A cikin kwalin akwai wasu tsofaffin maƙaloli da aka rubuta tun kafin a haife ni, waɗanda ba su da kanun sassa ko kaɗan. Marubucin yakan fara da yadda ya isa wurin, da yanayin gonakin, da abin da manoma suka gaya masa, yana tafe yana saƙa abin da ya gano a cikin labarin. Waɗannan Gwaggo ta fi so. Takan kwanta ta rufe fuska da gefen mayafi, in yi ta karantawa, iska tana kaɗa karan rakuba, kurciya tana kuka a kan bishiyar maƙwabta, har in rasa ko ni nake karatun ko wani ne yake ba mu labari mu biyu. Suna shiga kai ba wahala. Amma bayan kwana biyu, da na so in samo wata magana guda da na ji a cikin ɗayarsu, sai da na sake bin ta tun daga farko, domin babu alamar da za ta nuna mini inda take.

Na ce mata, "Kin gani, Gwaggo? Naki masu daɗin nan ba a samun abu a cikinsu."

Ta yi dariya ta ce, "Gaskiyarki. Waɗancan an yi su ne don a zauna da su. Na yanzu an yi su don mai sauri ya shiga ya ɗauki abin da yake so ya fita. Ni yanzu ba inda za ni, shi ya sa."

Ana tsakiyar damina, wata rana bayan la'asar, hadari ya zo da iska ba irin wadda muka saba ba. Ina can wajen innata muna kwashe shanya, na manta kwalin a rakuba. Gwaggo ta ji ruwa na dukan kwali, ta lallaba ta ja shi zuwa ƙofar guttiya, amma kafin nan ya sha. Gindinsa ya ɓarke, takardun suka zube a laka. Washegari rana ta fito, muka ɓalle 'yan ƙarafan da suka haɗa su don kada tsatsa ta ci, muka baza shafukan ɗaya ɗaya a kan igiyar shanya da tabarmi da bayan kwando, muka danne da duwatsu. Tsakar gidanmu ta yi fari fat. Iska tana ɗaga gefunansu suna sauka, kamar garken balbela ya sauka kiwo. Innata ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce ba ta taɓa sanin karatun nawa ya kai haka yawa ba.

Da suka bushe sun yi kumburi, tawada ta zuba a wasu wurare, lambobin shafi da yawa sun goge. Na tattara su yadda na iya. Bayan 'yan kwanaki na zaro wata da na haɗa, muka fara kamar kullum. Muka samo tambayar: marubutan suna neman sanin ko lokacin shuka yana da tasiri a kan yawan buda a ƙasar laka irin tamu. Muka bi zanen a tire, muka duba yadda suka yi aikin. Sannan na shiga tattaunawa. Ranar akwai zafi mai ɗaukar rai, irin na gabanin hadari. Gwaggo ta kishingiɗa, tana gyaɗa kai a hankali. Jimlolin suna tafiya sumul, da irin kalmomin da aka saba, cokali yana ƙwanƙwasa finjali a inda ya kamata. Na yi kusan shafi guda a haka.

Sai wani abu ya tsaya mini a rai. Na sake duba layin da na wuce. Ana maganar taki, ana maganar jigawa da gero. Na koma kan tambayar da muka fara da ita.

"Gwaggo."

"Na'am, ci gaba, ina ji."

"Wannan amsar ba ta wannan tambayar ba ce. Sun tambayi lokacin shuka a laka, ga shi suna ba mu labarin taki a rairayi. Ina jin shafin wata maƙalar ne ya shigo."

Ta tashi zaune. Ta ce in sake karanto mata. Na karanto. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, mayafinta ya zame.

"Wallahi ban ji ba! Ina ta gyaɗa kai kamar tunkiya. Kin ga sharrin abin? Duk kamarsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, har kunne ya saba ya daina tambaya." Ta share hawayen dariya, ta laluba ta kama hannuna. "Ke kika kama, ya bitti. Ba ni ba."

Har yamma ina jin wani haske a ƙirjina. Sauran takardun da suka cakuɗe, da wannan hanyar na raba su. In ɗauki shafi in tambaye shi wace tambaya yake amsawa, sai in kai shi wurin 'yan'uwansa.

Da dawa ta fara fitar da kai, wata safiya Gwaggo ta ce in shiga guttiya in buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta, akwai wata mujalla mai koren bango. Maƙalarta ce a ciki, wadda ta rubuta tana da ƙuruciya, a kan yadda ruwan farko yake shiga tsagogin baƙar ƙasa. Ta ce tun da idonta ya tafi ba wanda ya karanta mata. Na karanta a hankali, wannan karon daga farko, ba ta kuma hana ni ba. Da na kai inda aka rubuta cewa an ɗebi ƙasa daga wasu gonaki a kusa da kogin Rahad, sai ta ce in dakata.

"An ɗebi," in ji ta. "Ji fa. Kamar ƙasar ce ta tashi ta shiga buhu da kanta."

Sai ta ba ni labarin. A ƙarshen rani ne suka tafi wajen Mafaza, ita da direba da wasu ma'aikata biyu. Sun gama ɗibar ƙasar za su juyo, sai ruwan farko ya tare su, motar ta kafe. Suka sauka a wani ƙauye na mutanenmu, masu jin Hausa, matan suka karɓe ta kamar 'yar da ta dawo daga tafiya. Laka ta cinye takalmanta, ta koma yawo ba takalmi. Ta ce wata rana da yamma tana zaune a gindin aduwa, ba ta tunanin komai, sai wani ruwan ya sauko. Ta ga yadda yake gangarawa cikin tsagogin yana ɓacewa, saman ƙasar a bushe, cikinta kuwa yana sha. Ta zura hannu har gwiwar hannu a wata tsaga ta ji sanyi a can ƙasa. Ta ce ta daɗe a haka, ruwa na dukan bayanta, matan ƙauyen suna kiranta daga ƙofar ɗaki suna cewa baƙuwa ta zautu.

"A nan tambayar ta zo mini," in ji ta. "Bayan na riga na cika buhuna. Da na tafi, wani abu dabam aka aike ni nema. Amma duba takardar. An sa tambayar a gaba, kamar da ita na fito daga gida."

"Ke nan ba gaskiya aka rubuta ba?"

"Gaskiya ce, amma an share ta. Mai karatu ba ya bukatar ya bi ni duk inda na ɓata. Na jera masa ne yadda zai fi saurin ganewa, ba yadda abin ya faru ba. Haka ya kamata." Ta juya fuska wajen hasken ƙofa. "Sai dai aduwar nan ba ta ciki. Da matan. Akwai wata tsohuwa da ta ba ni takalmin ɗanta. Duk ba su sami wuri ba."

Ta ce in ƙarasa. Na ƙarasa har manazarta, ta sa na karanto mata sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, abin da ba mu taɓa yi wa wata maƙala ba. Wasu ta san su. Takan ce wannan ya rasu, wannan yana da barkwanci, wannan bai taɓa yarda da ita ba.

Na koma jami'a lokacin da aka fara yankan ridi, an jingina dammunansa a tsaye a gonaki suna bushewa, tun daga bakin gari har inda ido ya ƙare. Na sake rubuta babin daga tushe. Kowane marubuci na fara da abin da ya tambaya, sannan abin da ya samu, sannan inda ya saɓa da na kusa da shi. Babin ya ragu da kusan rabi. Malamina ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya tambayi wanda ya taimaka mini. Na ce gwaggona. Ya ce a gaishe ta.

Bayan na gama karatun, 'yar Gwaggo da ke aure a Showak ta matsa sai Gwaggo ta koma wurinta, ta kuwa koma. A can na same ta lokacin da maƙalata ta farko ta fito. Ta rame, jinta ma ya fara raguwa, sai an matso kusa da kunnenta. Tana kwance a inuwar katanga, ana jin ƙarar manyan motoci daga hanyar Kasala. Na sa mata mujallar a hannu. Ta shafa bangon, ta kai hanci ta shinshina, ta auna kaurinta da yatsu.

Na ce, "Gwaggo, kina ciki."

"Ni? A wane sashe kika sa ni?"

"A wurin godiya. Can ƙarshe, kafin manazarta."

"Wurin da ba mai karantawa," in ji ta, tana dariya ƙasa-ƙasa. Amma ta ce in karanto mata, na karanto, layi biyu ne. Ta ce in maimaita da Hausa, na maimaita. Ta riƙe mujallar a ƙirjinta har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce rana ta iso ƙafafunta, in kira 'yarta mu ja gadon zuwa ciki.